Daga Riƙon Takalmin Baba Ladan Zuwa Shugabancin Jam'iyya

Tun da kun ce shawara kuka zo nema, ku gyara zama, don abin da tsawo. Na ji ɗayanku ɗazu yana cewa yana da mabiya da yawa a waya, saboda haka kujerar kansila ta riga ta zama tasa. Allah ya ba da sa'a. Ni sunana Garba, kuma har gobe Garba Kansila ake ce mini a Sakkwato, duk da na yi shugaban ƙaramar hukuma, na je majalisar wakilai sau biyu, na kuma riƙe jam'iyya a jiha. Siyasa sana'a ce kamar jima ko dukanci. Tana da kayan aiki, tana da masu ciniki, tana da ubangidan da zai wahalar da kai kafin ya koya maka, kuma tana da shekarar da kasuwa ke mutuwa.

Aikina na farko a siyasa riƙon takalmi ne. Lokacin ina da aure har da ɗiya ɗaya, ina sayar da yadi a rumfar mahaifina. Ubangidana Baba Ladan dillalin hatsi ne a kasuwa. Bai taɓa tsayawa takara ba ko sau ɗaya, amma a ɓangarenmu babu mai cin zaɓe sai ya bi ta rumfarsa ya durƙusa. Da na je na ce ina son in koyi siyasa, na ɗauka zai kai ni taro. Sai ya tuɓe takalmansa ya miƙo mini, ya ce an sace masa takalmi sau uku a wurin ɗaurin aure, daga yau ni ne mai tsaronsu.

Shekara biyu na yi ina bin sa zaman makoki, suna, ɗaurin aure, sauka, duk inda aka shimfiɗa tabarma a garin nan. Shi ya shiga, ni in tsaya a bakin ƙofa da takalmi a hammata. In mun fito sai ya ce, “Garba, mi kag gani?” In na ce na ga mutane, sai ya ce jaki ma da ke ɗaure a can ya ga mutane. Abin da yake so in faɗa masa shi ne wa ya zo da wuri, wa ya zo bayan an shafa addu'a don dai a gan shi, wa ya ba wa hannu yana kallon wani wuri, su wa suka zo a mota ɗaya suka koma a mota biyu. A bakin ƙofa ake ganin wannan duka, wanda ke ciki gaisuwa kawai yake gani. Ya kuma tilasta mini haddace mutane, sunan mutum da na ubansa da ƙauyensu da abin da ke damunsa. Na taɓa ganin Baba Ladan ya tare wani Bafulatani a bakin kasuwa yana tambayarsa ya jikin saniyar nan mai ɗingishi. Saniyar ta yi shekara biyu da warkewa, amma mutumin ya kusa yin kuka don daɗi.

Ranar da ya fara aika ni ni kaɗai, gaisuwar mutuwa ce a Dundaye. Ya ce Malam Isa ya rasu, in je in wakilce shi. Ashe gidan akwai Malam Isa biyu, 'ya'yan wa da ƙane. Ɗaya mai noman albasa, ɗaya mai raƙumi. Ni mai albasar na sani, don haka da na isa na durƙusa a tsakiyar jama'a na buɗe baki. Na yabi albasarsa, na yabi kyautarsa, na ce duk fadamar nan ba za a sake manomi irinsa ba, na roƙa masa aljanna mafi ɗaukaka. Wani dattijo da ke kusa da ni ya lulluɓe kai da rawani, shi ya fi kowa ɗaga murya wurin cewa amin. Da na gama ya yaye rawanin ya dube ni.

“Na gode, ɗana,” in ji shi. “Ban san haka kuke so na ba. Amma dai ban tahi ba tukuna, mai raƙumi na yat tahi.”

Gidan makoki ne, amma sai da wasu suka fita waje don su yi dariya. Na koma na gaya wa Baba Ladan, ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce in sayi goro in koma gidan ranar addu'ar bakwai, in zauna kusa da mutumin, don kuskure ba ya kashe ɗan siyasa sai in ya gudu bayan ya yi shi. Na koma. Malam Isa mai albasa ya zama mutumina har ƙarshen ransa. Duk zaɓen da na tsaya shi ke fara kawo gidansa layi, yana cewa ya riga ya ji abin da zan faɗa bayan ransa kuma ya gamsu.

Yanzu kayan aiki. Kuna tsammanin fasta da mota ne. To na farko babbar riga, kuma kala biyu. Ta zuwa wurin manya mai sitaci, ta shiga ƙauye wadda ta sha wanki, don in ka je wa talaka da shadda mai ƙyalli zai ce ka riga ka ci, in ka je da yagaggiya zai ce yunwa ta kawo ka. Na biyu gwiwa, don za ka durƙusa fiye da raƙumin dako. Na uku, wanda ya fi duka, ciki.

Ranar ƙarshe ta yaƙin neman kansila na shiga gida tara a ƙauye ɗaya, kowane gida aka dama mini fura. Ba a ƙin furar mai ƙuri'a, ba a kuma kurɓa a ajiye, don matar da ta dama tana leƙe ta bayan zana, kuma ita ma tana da ƙuri'a, tana da 'yan'uwa. Na shanye ƙwarya tara. Daga nan aka ɗora ni bayan a-kori-kura, aka haɗa lasifika da batirin mota, aka ce in yi jawabi. Na shirya maganar awa guda. Da na miƙe sai na ji furar nan tana kaɗawa a cikina kamar ruwa a jarka. Na yi sallama, na ce in Allah ya ba ni zan nemo muku ruwa, na ce a yi mana addu'a, na sauka a hankali, na nufi bayan gari ina tafiya irin ta mai natsuwa. Abokin takarata ya yi magana har rana ta faɗi. Dattawan ƙauyen suka ce wancan surutu gare shi, wannan kuwa da gani ba maƙaryaci ba ne. Haka na zama kansila.

Masu cinikin kansila tun da asuba suke zuwa. Mai akuyar da ta ci zogalen maƙwabci, mai son takardar shaida, mai son ka raka shi biko, wanda ya zo gaisuwa kawai amma ba zai tashi ba sai azahar. Kowa ka saurare shi har ya gama, ko da ka san ƙarshen maganar tun daga sallamarsa. Rabinsu ba abin da za ka iya yi musu, amma in ka bari suka faɗi damuwarsu duka, sukan tafi suna cewa kansila ya yi ƙoƙari.

Ruwan da na yi alkawari ya ɗauke ni shekara guda da rabi ina bin sakatariya, har masinja ya fara ajiye mini kujera. A ƙarshe aka haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa. Ruwan na da kyau, sai dai yana da nisa, sai an tuƙa kamar sau arba'in kafin ya hau. Na sani, don na gwada. Abin da ban yi ba shi ne gaya wa shugaban ƙaramar hukuma, wanda ya zo buɗewa da 'yan rediyo da makaɗa. Mutum ne mai jiki, ya sha shadda fara. Ya kama hannun famfo ya fara tuƙi yana murmushi. Sau goma, ba ruwa. Sau ashirin, murmushi ya tafi, hula ta karkace. Makaɗa suka ƙara wuta don su rufe shirun. Ni ina gefe ina ƙirgawa a zuci, ina roƙon Allah ya ba shi ƙarfin ƙarasawa. Yana kai talatin da takwas ya saki, yana haki, ya ce mini a fusace in zo in gwada abin da na jawo masa. Na danna sau biyu, ruwa ya ɓarke har ya jiƙa masa takalmi. Mata suka rangaɗa guɗa, wani tsoho ya ce ruwa ya san mai shi. Shugaban bai sake amsa gaisuwata ba har ya sauka, amma labarin ya zaga duk mazaɓun, kuma da zaɓe ya zo ni na gaje shi. Duk da haka ku riƙe wannan: in ubangidanka zai buɗe famfo, ka je da sassafe ka tuƙa masa talatin da biyar.

Ina shugaban ƙaramar hukuma na haɗu da Malam Yohanna. Hedimasta ne, iyayensa daga Filato suka zo, shi kuwa a Sabon Gari ya tashi, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Iska ta yaye rufin ajinsa, ya rubuto mini takarda. Sai da na karanta sau uku kafin na gane zagina yake yi, don ladabin da ke ciki ya yi yawa. Na sa aka gyara rufin, na kuma ce duk ranar da ya ajiye aiki ina son alƙalamin nan a gefena. Da ya yi ritaya ya zama mai rubuta mini jawabi, kuma da aka tsayar da ni takarar majalisar wakilai na ci, tare muka yi ta hawa da sauka tsakanin Sakkwato da Abuja.

Majalisa wata kasuwa ce daban. A gida ka saba in ka yi tari a ce sannu, can kuwa kowa Onarabul ne, kowa da tasa babbar rigar. Shekarar farko ban ce uffan ba, ina koyon lokacin da ake miƙewa da lokacin da ake danna abin magana. Mutanen gida kuma suna zaune gaban talabijin suna nema na. Saƙo ya fara zuwa cewa sun aika wakili ko sun aika bebe. Malam Isa mai albasa ya aiko a gaya mini shi ya san ina da baki, don ya ji ni a gidan makoki.

Sai muka shirya ƙudiri a kan albasa. Manomanmu suna noma ta da yawa, rabi ya ruɓe kafin kasuwa ta yi kyau, saboda babu rumbun ajiya na kirki. Malam Yohanna ya rubuta jawabin da Turanci, shafi huɗu. Shi mutum ne da ba ya zubar da takarda, a bayan tsofaffin takardun jarrabawar 'yan firamare ya buga shi. Kwana uku ina karantawa a gabansa yana gyara mini lafazi da bakin biro. Ranar da aka kira ni na miƙe, shafi na ɗaya ya tafi lafiya, na biyu har wasu suna gyaɗa kai. Na juya na uku, ashe ya kife. Ni kuwa Turanci in na kama shi ba na tsayawa in ji abin da nake faɗa, don in na tsaya ba zan iya tashi ba. Da murya mai ƙarfi na umarci majalisar tarayya cewa kowa ya rubuta sunansa a saman takarda, ya amsa dukkan tambayoyi, kuma duk wanda aka kama yana leƙen takardar ɗan'uwansa za a kore shi daga aji.

Zauren ya fashe da dariya. Wani ɗan majalisa daga kudu ya kwanta a kan teburinsa. Shugaban zaman ya buga gudumarsa, ya share hawaye, ya tambaye ni minti nawa aka ba su. Na duba takardar na ce awa ɗaya da rabi. Ban san lokacin da aka amince da ƙudirin ba, na dai ji ana ta bubbuga mini kafaɗa. Daga ranar kowa a ginin ya san ni, kuma wannan sanin ne ya yi mini amfani, don amincewa da ƙudiri ba shi ne gini ba. Shekara uku na yi ina bin fayil ɗin daga ofis zuwa ofis, duk inda na shiga sai a ce ga mai jarrabawa ya zo, a ba ni kujera. Rumbu ɗaya aka gina a ƙarshe, ba goman da muka nema ba, amma yana nan ana zuba albasa. Malam Yohanna kuwa bai taɓa ba ni haƙuri ba. Cewa ya yi ɗalibin kirki yakan duba takarda gaba da baya kafin ya fara.

Shekarar da kasuwata ta mutu ita ce ta neman zango na uku. Baba Ladan ya riga ya rasu. Ni kuma na gina gida a Arkilla, na saba da jirgi, na fara aika wakili zaman makoki maimakon in je da ƙafata. Wani ɗan kasuwar siminti, Alhaji Sani, ya fito neman kujerar, shi kuwa ko kaza ta mutu a mazaɓar sai ya je gaisuwa. Ban damu ba. Ana gobe zaɓen fid da gwani wakilan jam'iyya masu jefa ƙuri'a suka cika gidana da rana, suka ci tuwon shinkafa da rago, kowa ya riƙe hannuna ya ce ai an gama. Na ɗauki bas biyu na kai su wurin zaɓe. Da aka ƙirga, ƙuri'una ba su kai mutanen da ke kujerar baya ta bas ɗaya ba. Kuma bas ɗina suka sake hawa suka koma gida, suna ta yi mini jaje, kowa yana mamakin wanda ya ci amana.

A ƙofar gidana akwai benci shida da na sa kafinta ya yi wa masu zuwa zaman fada, a ƙarƙashin dogonyaro. Washegari na buɗe ƙofa, babu mutum ko ɗaya. Wannan na yi tsammaninsa. Abin da ban yi tsammani ba, babu bencin ma. Mai shayin da ke gefe shi ma ya tashi. Maigadi ya ce tun da safe jama'ata suka zo da a-kori-kura suka kwashe, sun ce can ake bukatarsu yanzu.

Na sa rigar da ta sha wanki na tafi gidan Alhaji Sani karɓo kayana. Na tarar da su jere a kan bencina, sunana na nan a rubuce da fenti a ƙafar kowanne. Suka gan ni, ba wanda ya ji kunya, suka ce Onarabul sannu da zuwa, suka matsa mini wuri. Rana ta yi zafi, na zauna in huta kafin in fara faɗa. Sai ga Alhaji Sani ya fito. Ya gan ni ya yi turus, sannan ya buɗe hannu ya rungume ni a gaban jama'a, ya ce wannan shi ne dattako, mutum ya faɗi jiya ya zo taya murna yau. Kafin la'asar an faɗa a rediyo. Ta yaya zan buɗe baki in ce benci na zo ɗauka?

Na ci gaba da zuwa, don a gida ba abin yi. Na sayar da mota ɗaya, na koma hawa keke mai ƙafa uku ina bin makoki da suna kamar farkon farawa. A shekarar nan na ji abin da ban ji ba a shekara takwas a Abuja, domin mutane ba sa ɓoye magana a gaban wanda suke ganin ya ƙare. Jam'iyya ta rabu biyu a lokacin, ɓangaren Alhaji Sani da na wani tsohon kwamishina da ake kira Injiniya. Aka zo zaɓen shugaban jam'iyya na jiha, kowane ɓangare ya rantse ba zai karɓi mutumin ɗayan ba. Mutanen Alhaji Sani suka ce a ba Garba, ai a ƙofarmu yake wuni. Mutanen Injiniya suka ce a ba Garba, Sani ne ya kayar da shi, dole yana da ciwo a rai. Ba wanda ya tambaye ni. Aka ɗaga hannuna.

Shugaban jam'iyya kayan aikinsa biyu ne, hatimi da jera kujeru. Duk taron da manyan nan biyu za su halarta, da kaina nake zuwa da awon tela in auna kujerunsu, kada ta wani ta fi ta wani tsawo da ɗan yatsa. Masu ciniki kuma sun ƙaru, amma babu kamar Hajiya Kulu, shugabar mata. Atamfa take sayarwa a kasuwa, kuma in ta ce mata su fito, har masu jego sai sun fito. An yi wa matan alkawarin injinan markaɗe tun zaɓen da ya wuce, kafin ma in hau. Kowace Litinin da hantsi sai ta shigo ofishina ba sallamar kirki, ta ajiye jaka a kan teburina ta ce, “Shugaba, ina injinanmu?” In ce ana kan magana. Ta ce magana ba ta niƙa tattasai. Shekara uku muna haka. Na taɓa ɓuya a ɗakin ajiyar fastoci, ta zauna a kujerata ta sa aka sayo mata abinci har na gaji na fito.

Da babban zaɓe ya matso, rikicin ya kai inda ba a wasa. Akwai ranar ƙarshe ta miƙa sunayen 'yan takara, kuma kowane ɓangare ya kawo mini jerinsa ya ce in buga hatimi. In na buga wa ɗaya, ɗayan ya fita daga jam'iyya da rabin jama'a. In ranar ta wuce ban buga ba, ba mu da ɗan takara ko na kansila, wahalar mutane ta shekara huɗu ta tashi a banza. Na ce ba zan buga ba sai sun zauna ɗaki ɗaya sun fitar da jeri ɗaya. Suka ƙi. Wata shida ina zarya tsakanin gidajensu da hatimi a aljihun ciki, ko masallaci da shi nake zuwa.

Saura kwana biyar, ina wurin aski an gama rabin kai, na ji a rediyo ɓangaren Alhaji Sani ya yanke shawarar tsige ni don ni ɗan Injiniya ne. Kafin wanzami ya gama ɗaya rabin, aka karanta sanarwar ɓangaren Injiniya, su ma sun tsige ni don ni yaron Sani ne. Na wuce Sabon Gari wurin Malam Yohanna. Ya sa tabarau ya buɗe kundin tsarin jam'iyya, wanda ina jin duk jihar shi kaɗai ya taɓa karanta shi har ƙarshe. Ya nuna mini da biro cewa ba a tsige shugaba sai a taron da kashi biyu cikin uku na wakilai suka zauna a zaure ɗaya, kuma shugaba ne kaɗai ke kiran taron, shi ke tsara abin da za a tattauna.

“Onarabul,” in ji shi, “wata shida kana roƙon su zauna ɗaki ɗaya sun ƙi. Ga shi sun samu abin da suka yarda a kansa. Kai ne.”

Na kira taron tsige ni. Na rubuta batu biyu a takardar gayyata, na farko jerin 'yan takara, na biyu tsige shugaba, kuma ba a taɓa na biyu sai an gama na farko. Ba wanda ya ƙi zuwa. Lokacin bazara ne, zauren da muka kama fankarsa biyu ce ke aiki, na kuma ce ba za a raba abinci ba sai an tashi. Tun hantsi suke jayayya a kan kowace kujera. Duk sanda magana ta cije, wasu suka fara tattara takardu za su fita, sai in miƙe in ce tun da ba a daidaita ba sai a ɗage taro, ni kuma in ci gaba da riƙe amanar da suka ba ni har shekara mai zuwa. In gyara hula, in ɓare goro, in yi musu murmushi. Sai ka ga sun koma sun zauna. Da idona na ga Alhaji Sani da Injiniya, waɗanda suka yi shekara biyu ba su gaisa ba, sun haɗa kai a kan takarda ɗaya suna raɗa, suna ɗagowa suna harara ta. Bayan la'asar jeri ɗaya ya fito. Na ciro hatimi na buga, na sa sakatare ya shiga mota da shi nan take.

Sannan na karanta batu na biyu da bakina. Na ce masu son a tsige shugaba su ce e. Rufin kwano sai da ya amsa. Na ce masu cewa a'a fa? Murya ɗaya ta fito daga layin mata. Hajiya Kulu ce, ta miƙe tana gyara mayafi.

“Ban yarda ba,” ta ce. “Shekara uku ina horon wanga mutum, sai yanzu da ya hwara jin kunyata za ku kawo mini sabo in koma farko?”

Aka yi dariya, amma rinjaye rinjaye ne. Na sanar da cewa an tsige ni, na miƙa wa mataimakina hatimi, na yi addu'ar rufe taro. Jam'iyya ta shiga zaɓen nan a dunƙule, kuma ta yi abin kirki, sai dai ba wanda ya tuna ya gode mini, ni ma ban jira ba.

Da na fito daga zauren, motar ofis ta riga ta tafi da sabon shugaba, har da hulata ta canji a kujerar baya. Na tsaya a bakin titi da babbar riga mai sitaci, jama'a na wucewa da ledar abincinsu. Sai ga keke ya tsaya a gabana, Hajiya Kulu a ciki. Ta matsa ta ce in shigo. Tun daga nan har Arkilla faɗa take yi mini a kan injinan markaɗe, mai keke yana ta leƙe na ta madubi. Da zan sauka ta ce tun da yanzu ba ni da aikin yi, kuma na san duk inda ake ɓuya a ofishin nan, ranar Litinin in shirya da hantsi in raka ta wurin sabon shugaba.

Na raka ta. Mu ne na bakwai a layi.